Jos Ta Jiya A Bakin Wa?

'Yar Rikkos

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A 2002 aka haife ni, wata biyu bayan gobarar babbar kasuwar Taminus. Jiya muna cikin keke, ɗan yayata mai shekara tara ya ce wa mai keken kada ya bi da mu ta wata unguwa, wai "can ba namu ba ne". Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Abin ya hana ni barci, shi ne na tashi na rubuta waɗannan baitoci.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai dare, Mai safiyar wayewa,
Ga tambayata ina miƙawa,
Iyaye, ku ba mu labarin jiya.

An haife ni toka ba ta huce ba,
Babbar kasuwa ban gan ta ba,
Kango na tarar, ban shige ta ba,
Sai dai a nuna min daga kan hanya.

Na buɗe ido na tarar da iyaka,
Ba a gina ta da bulo ko laka,
A zuci take, kowa ya ɗauka,
Yaro ya san inda zai juya.

Akwai mabuɗi a kwallar Innata,
Ya yi tsatsa, ya girmi haihuwata,
In na tambaya sai ta kau da fuskarta,
Ta ce, tashi ki wanke tukunya.

A makaranta ba a koya mana ba,
Littafin tarihi bai zo aji ba,
Abin da na ji, ba daga malam ba,
Na tsinto shi a bakin layi da waya.

Kowa na ƙirga gawar gidansu,
Ba mai ambaton ta maƙwabtansu,
Yara sun haddace laifin wasu,
Ba su san fuskar juna ba ko ɗaya.

Tsohon Gangare

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na haura saba'in, kuma a garin nan aka yanke min cibiya.

Na karɓi tambayarki, 'yata, da hannu biyu,
Abin da ido ya gani zan faɗa, ba na ƙarawa.

Kuza ta tara mu, kakana da ƙafa ya zo,
Kwano a ka, yana wankin ƙasa a bakin ruwa.

Birom da Jarawa da Anaguta suna nan tuni,
Ga Ibo, ga Yarbawa, ga Nufawa, ga Hausawa.

Jirgi ya yi kuka daga Kafanchan ya iso gari,
Mu yara mu bi shi da gudu har ya daina motsawa.

Ranar da Mighty Jets suka ɗauko kofin ƙasa,
Ba a tambayi addinin gola ba, sai dai rawa.

Da Sallah naman layya ya tsallake katanga,
Da Kirsimeti shinkafa ce ke dawowa.

Kasuwar Taminus, in kin shige ta da hantsi,
Har la'asar ba ki gama ta da kewayawa.

Sai ga wata Juma'a, bakwai ga Satumba,
Muna sahu muka hangi hayaƙi na tasowa.

A Kongo-Rasha ta kama, a kan ratsa hanya,
Amma itacen ya daɗe a jibge yana bushewa.

Mighty Jets ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta Jos, kofin gasar lig ta ƙasa ta ɗauko a 1972. Juma'ar kuwa ta 2001 ce, ranar da faɗa ya ɓarke a unguwar Kongo-Rasha kan wata mata da ta nemi ratsa hanya ana sallah. Itacen da nake nufi shi ne rigimar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake ja-in-ja kan kujerarta, har aka zubar da jini a Afrilun 1994. Kafin waccan Juma'a ma, gari ya kwana biyu yana tafasa kan naɗin mai kula da shirin yaƙi da talauci. Kusan mako guda ana yi, Human Rights Watch ta ce rayuka kusan dubu suka salwanta. Daga nan kowa ya ɗaure kayansa ya koma cikin danginsa.

Malam Na Naraguta

Baba, a gafarce ni, ba gyara nake wa babba ba, ciko nake. Alli ne abincina shekara ashirin, kuma na lura duk tsohon da ya ba da labarin Jos daga 2001 yake fara baƙin ciki, kamar kafin nan ba a taɓa kuka ba.

Baba, zumarka mun lasa da daɗi,
Sai dai jiya tana da wani faɗi,
Akwai ɗacin da ba a so a faɗi,
Shi ma a zuba shi, ko da ba sauƙi.

Kuzar da ta tara mu ta ci mutane,
An kwaso leburori, tilas ne,
Sanyin dutse ya kashe su a zaune,
Don Ingila na neman kuza a yaƙi.

Gonar Birom aka haƙe ta zam rami,
Mai gona na kallo cikin jimami,
Jikansa ya gaji wannan tsami,
In ya ce ƙasata, yana nufin haƙƙi.

Mu ma kakanmu a nan ya tsufa,
A nan ya yi gumi, a nan ya kafa,
A nan kabarinsa, ƙasa ta rufa,
Ciwo ne jikoki su ji an ce baƙi.

An kafa kwamiti an ɗau bahasi,
An kai rahoto an bar shi a ofishi,
Aji kuma an cire masa darasi,
Yara suka tashi suna shaƙar hayaƙi.

Aikin tilas na kuza tsakanin 1942 da 1944 aka yi shi, lokacin yaƙin duniya na biyu. Tafkunan da muke wucewa a hanyar Bukuru da Rayfield ramukan wancan haƙa ne. A 1945 an yi faɗa tsakanin Hausawa da Ibo a garin nan, 1966 kuwa kowa ya san abin da ya sami Ibo. Kwamitoci fa? Na Mai shari'a Fiberesima kan 1994, na Niki Tobi kan 2001, na Bola Ajibola kan rikicin zaɓen 28 ga Nuwamban 2008, sai na Solomon Lar a 2010. Mutane sun je sun ba da shaida suna kuka, amma akasarin shawarwarin ba a aiwatar ba. Darasin tarihi kuma ya fi shekara goma ba ya cikin manhajar ƙananan azuzuwa, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Ƙanwata ta Rikkos, a wannan giɓin kuka yi karatu.

Maman Zumunta, Tudun Wada

Salama a gare ku duka. Ni Kirista ce, 'yar Birom, da Hausa nake ciniki, da ita nake waƙa a coci. Shekara goma sha ɗaya na yi a Unguwar Rogo kafin 2001. 'Yata, bari in amsa miki a madadin Innarki, da amsa-amonki.

'Yata, kar ki ga laifin Inna don ta yi shiru,
Wani zancen in ya taso yakan tsaya a wuya.

Ni ma turmina na bari a Unguwar Rogo,
Da taɓarya a ciki, da acca a ƙwarya.

Daren nan, Alhajin da ke jikin katangarmu
Ya ɗaga mu ɗai-ɗai ya sauke ta baya.

Matarsa ta yafa min mayafinta, ta goya ɗana,
Ta ce in an tambaya, ke ƙanwata ce daga Zariya.

Kwana uku muna ƙuryarta a kan buhun masara,
Tana dama kunu, tana cewa yara su rage murya.

Samari suka zo ƙofa, ya fito da carbi a hannu,
Ya ce mai son shiga sai ya taka ni a hanya.

Ga nawa laifin, zan faɗe shi gaban kowa,
'Ya'yana sun san wutar, ba su san Alhaji ba, ina jin kunya.

Na ba su Dogo Nahawa, mata da yara cikin dare,
Ban ba su Kuru Karama ba, da gawa a rijiya.

Nono ɗaya na ba su, ɗayan na rufe da zane,
Suka girma da rabin labari a zuciya.

Ƙauyuka ne biyu da aka yi kashe-kashe a cikinsu, duka a 2010, Kuru Karama a Janairu, Dogo Nahawa ranar 7 ga Maris. Ki shiga unguwarmu ki tambaya, za a ba ki na Maris. Ki koma taku, a ba ki na Janairu. Ban taɓa jin mutum ɗaya ya jera su a baki ɗaya ba, ni ma sai yau.

Ɗan Bukuru

Mama, na gaishe ki, kuma na girmama abin da kika faɗa. Amma ni bakina ba zai iya zaƙi ba. A Janairun 2010 yayana ya fita zuwa shagonsa, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, har yau bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba.

Kun ce a tuna, na yarda a tuna,
Amma a fara da kiran suna,
Yayana ba adadi ba ne a guna,
Tela ne, har yau ga keken ɗinkinsa.

Ba kabarin da za mu je mu tsaya,
Ba allo ko dutse a gefen hanya,
Ba alƙalin da ya ce ga mai biya,
Babarmu na ajiye da takalminsa.

An ce mu yafe, wa za mu yafe wa?
Mai laifi bai zo yana roƙawa,
Rami ne aka rufe ba a cikewa,
Damina ɗaya ta isa ta buɗe bakinsa.

Tsohon Gangare

Ɗana na Bukuru, Allah ya jiƙan yayanka, ya sanyaya zuciyar Babarku. Ba ni da amsar da za ta ishe ka, kuma ba zan ce maka ka yi shiru ba. Malam, ka faɗi gaskiya, na karɓa. Mama, kin sa tsoho hawaye.

Na ba ku Jos mai sanyi, na ɓoye mai zafi,
Tsoho yakan zaɓi abin da zuciya ke jurewa.

A 1966 ina yaro, na ga shagon Ibo a buɗe,
Mai shi ya gudu, kaya a titi ana ta wawa.

Shi ke ba ni alewa in na kai masa saƙo,
Na tsaya ina kallo, bakina ya kasa buɗewa.

Ban taɓa ba jikokina wannan ba,
Shagona da ya ƙone a Taminus nake nanatawa.

Ku riƙe limamin Nghar a ƙasar Barikin Ladi,
Da ya cika gida da masallaci da masu gudowa.

Ya fito ya tare ƙofa, ya ce a ɗauki ransa,
Ya hana a taɓa su, har masu bindiga suka yi gaba da juyawa.

Imam Abdullahi Abubakar nake nufi, a Yunin 2018, mutum 262 ya ɓoye, akasarinsu Kiristoci. Shi duniya ta ji sunansa. Alhajin Mama ba wanda ya ji nasa, kuma irinsa suna da yawa ta kowane ɓangare. Yau da safe na aiki jikana ya sayo min littafi mai bango baƙi. Shafin farko na rubuta sunan mai shagon nan da abin da na gani. Ɗana, in Babarku ta yarda, ka zo da sunan yayanka da sana'arsa da ranar da ya fita, shi ne shafi na biyu.

'Yar Rikkos

Na gode iyayena. Bayan sallar isha'i na karanta wa Inna duka, tun daga Baba har yayana na Bukuru.

Da na zo kan baitocin Mama,
Ta ajiye tsintsiya ta nemi zama,
Ta daɗe shiru tana kallon sama,
Sannan ta ce, ɗauko kwallar, ɗiya.

Na gidanmu ne a Unguwar Rukuba,
Ɗaki biyu da bishiyar gwaiba,
Da cikina ta fito, ba ta koma ba,
Yau shekara ashirin da ɗoriya.

Maƙwabciyarta mai zuwa coci
Ta ɓoye ta a ɗakin abinci,
Ta raka ta da asuba cikin mutunci,
Har shingen sojoji, sannan ta juya.

Inna ba ta san ko tana da rai ba,
Ba ta sami ce mata an gode ba,
Sunanta kaɗai ne ba ta manta ba,
Ta faɗe shi sau uku da rawar murya.

Mama, Inna ta ce tana son zuwa ta nemi matar, amma ƙafarta ta manta hanya, kuma tana jin tsoro. Ko za ki raka mu ranar Asabar in Allah ya kai mu?

Maman Zumunta, Tudun Wada

Zan jira ku a shataletalen Taminus da ƙarfe goma. Ki zo da ɗan yayarkin nan mai shekara tara, ni ma zan zo da autana.

Ki ce wa Inna ta yafo mayafinta, ni zan shige gaba,
In mun gama da Rukuba, ku kai ni Rogo in gai da Hajiya.