"Matakin farko" ko "na tushe"? Mu tsayar da magana ɗaya

1/ Ma'aikatan asibiti da 'yan jarida, ina neman shawararku kan Hausar primary health care. A rediyo an saba cewa "kiwon lafiya a matakin farko", har hukumar tarayya da aka kafa a 1992 da wannan sunan ake kiranta. Ni dai bai kwanta mini ba.

2/ Mataki abin takawa ne a wuce. Da Bahaushe ya ji "matakin farko", sai ya ɗauka wurin marasa hali ne. Shi ya sa mai ɗan abin hannu ke tsallake asibitin mazaɓarsa, ya ɗauki shatar mota zuwa birni saboda zazzaɓin cizon sauro, alhali a nan kusa za a tsira wa yaro allura a yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji, kafin uwar ta gyara goyonta sakamako ya fito.

3/ Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, inda maganar ta samu karɓuwa, ba ƙaramin asibiti kaɗai yake nufi ba. Ya haɗa da tsaftataccen ruwan sha, abinci mai gina jiki, rigakafi, kula da mai ciki da jariri, wayar da kai, da magungunan yau da kullum. Rijiyar burtsatse da masai suna ciki. Ina "mataki" a nan?

4/ Wani dattijo ya ce a bar shi a "sha-ka-tafi". Baba, sunan yana da daɗin faɗa, kuma kowa ya san shi, amma ya tsaya a kan ƙwaya. Awon ciki ba sha-ka-tafi ba ne, haka auna damtsen yaro da tef mai ja da rawaya da kore don gano tamowa.

5/ Shawarata: "kiwon lafiya na tushe". Duk sauran asibitoci a kansa suke tsaye, in ya ruɓe babban asibiti ne ke cika da masu jinyar da bai kamata ta kai can ba.

6/ Wata ungozoma ta ja hankali cewa a ƙauye za a iya jin "tushe" a zaci sassaƙe da saiwa ake nufi, ta kawo "na ƙofar gida". Hajiya, maganarki abin dubawa ce. Ya ma dace da tsarin Habasha, inda tun 2003 ake horar da mata su riƙa bin gidaje, da na Ghana da ya faro daga garin Navrongo. Sai dai ɗakin haihuwa da firjin rigakafi ba sa zuwa ƙofar gida. Don haka zan ajiye naki ga masu bi gida-gida, in riƙe "na tushe" ga tsarin gaba ɗaya.

7/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, case de santé fa, wato ƙaramin asibitin ƙauye a Nijar, me mutanen karkara ke ce mata a bakinsu? Ku faɗa mana kafin mu rufe.