Aiki a kamfanin waya a Maraɗi: waɗanda suka taɓa, ku ba mu labari

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ya gama IUT, wato sashen koyon fasaha, a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, an kira shi aikin gyaran antena a wani babban kamfanin waya. Wanda ya san cikin aikin ya faɗa mana yadda albashi da shugabanni suke.

Mai Hawa Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Kafin murna, ku duba sunan da ke saman kwantara. Na daɗe ina hawa antena daga Madarumfa har Dakoro, da rigar kamfani da hularsa, amma mai biyana wani ɗan kwangila ne da aka ba aikin. Abokina da muke shiga mota guda shi ma'aikacin kamfani ne: yana da katin likita, da kiredin waya kowane wata, da kuɗin ƙarshen shekara. Ni albashi tsura, shi ma sai sabon wata ya yi nisa. Ka yi magana, ɗan kwangila ya ce ba a biya shi ba. Ka je kamfani, su ce ba su san da kai ba.

Mun fi jin jiki a 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Antena duk ta koma kan gurup, wato injin wuta. Ka isa da jarkokin gazuwal cikin dare, ka tarar inji ya ɗau zafi, matatar iska ta toshe da ƙura, kana kwance ta da tocila a baki, waya na ta ƙara daga Yamai wai reso ya faɗi tun yaushe. Awoyin nan ko dala ba a ƙara mini ba.

Maman Gishe: Yaya, Allah ya saka maka, amma a faɗi alheri ma. Ni kamfani ne ya ɗauke ni kai tsaye, ina gishe a ajans. Albashina bai taɓa ƙetare wata ba, kuma da na haihu na ci hutuna na mako 14 ba wanda ya ɗaga mini gira. Abin da ke gajiyar da mu lissafi ne. Kowace safiya shef zai karanto layi nawa ka sayar jiya, a gaban kowa. Shi ma bawan Allah ba laifinsa ba ne, daga sama ake matso shi. Komi Yamai ake yanke shi, ko kujera ta karye sai an rubuta. Mai son ƙarin girma kuwa ya shirya barin Maraɗi.

Yaron Lema: Ku kuna ma da kwantara. Mu masu sayar da pus, wato layin waya, a bakin Babbar Kasuwa kamasho ne kawai. Ranar da injin rajista ya ƙi, ranar ba cefane.

Baba Sandika: Ƴaƴana, ku riƙe wannan. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 tun Janairun 2024. Aikin mako awa 40 ne, abin da ya hau nan biyansa daban. Hutu kwana biyu da rabi ne kowane wata. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashi don CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, kuma dokar nan ta hau ɗan kwangila kamar yadda ta hau kamfani. Na ga wanda aka yi ta yankar kuɗinsa, da ya je ofishin CNSS sai aka ce babu sunansa. Yaro ya je da ƙafarsa ya nemi lambarsa, ya kuma adana takardar albashi ta kowane wata. Ita ce shaidarsa gaban sufeton aiki.

Ɗan Bagalam: Na gode Baba. Na duba yanzu, sunan wani ɗan kwangila ne. Ya karɓa ko ya bari?

Mai Hawa Ƙarfe: Ya karɓa, ƙanena, hannu zai koya, kuma daga cikinmu ake tsintar waɗanda kamfani ke ɗauka. Sai dai kada ya taka ƙarfe ba bel da igiya, kuma a rubuta masa a kwantara wanda zai biya likita in ya ji ciwo.