Kora Gyara Ce Ko Zubar Da Yaro?

Malam Sani: Jama'a, wata sakandare a nan Jos ta kori 'yan SS2 uku da aka kama da wuƙaƙe a jaka. Ni ina bayan shugaban makarantar. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kora ce kaɗai maganinsu.

Maman Ilham: Malam, an kore su zuwa ina? Ƙanena haka aka yi masa a SS1 kan faɗa. Takarda kawai aka damƙa masa a ambulan, ko Baba ba a kira ba. Kafin wata uku ya koma zaman majalisa a Gangare da 'yan sara-suka. Har yau Inna ba ta runtsawa sai ta ji ya turo ƙofa.

Malam Sani: Allah Ya shirye shi, Hajiya. To amma sauran yaran ajin ba 'ya'yan mutane ba ne?

Barista Auwal: Ranka ya daɗe, makaranta tana da ikon kora, yadda ake yin ta ne matsalar. A 1983 Jami'ar Maiduguri ta kori ɗalibai bayan wata tarzoma. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar Garba, ɗaya daga cikin ɗaliban da aka kora, domin mataimakin shugaban jami'ar, wanda ɓarnar ta shafa, shi ya jagoranci kwamitin bincike. Mai ƙara ya zama alƙali ke nan. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ma ya ce sai an saurari mutum kafin a yanke masa hukunci.

Malama Binta: Barista, ku a ofis kuke. Ajina yara sun haura saba'in. Ranar da wani ya zaro almakashi a bencin baya, ni ce a tsaye da alli a hannu, ƙafafuna na rawa. Wane kwamiti zan jira?

Barista Auwal: A dakatar da shi nan take, Malama, ba wanda ya hana. A kira iyaye, a ji ta bakinsa, sannan a yanke.

Malama Binta: Iyayen da sai ka aika sau uku, ƙarshe a turo maka yayansa ɗan achaɓa?

Maman Ilham: Wallahi da an aiko mana ko sau ɗaya, da Baba ya je ko da rarrafe.

Malam Sani: Barista, yaran nan uku, in iyayensu sun zo gobe, ta ina za su fara?

Barista Auwal: Su nemi takardar korar da rahoton kwamiti a rubuce, su kai koke ma'aikatar ilimi. In ba a zauna da yaran ba, su zo mu gani.