Wayar gida mai hawa kan intanet tana yankewa ana cikin magana

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masana a taimaka min. Wayar tebur ɗinmu irin mai aiki da intanet ce, akwai ɗan akwatin nan ATA da aka jona da rauta, ita kuma wayar a jikinsa take. Sati biyu kenan ana cikin magana sai kawai ka ji ɗif, jiya Hajiyata sai da ta kira sau uku har tana tambaya ko ni nake kashe mata, wallahi kunya ta kama ni. Kuma intanet ɗin lafiya lau, yara na kallon bidiyo ko tsayawa ba ya yi. Na kashe na kunna har na gaji.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Malam kafin ka taɓa komai riƙe agogo tukuna, ka ga a daidai ina take yankewa. In kullum wajen sakan 30 zuwa 32 ne to ba ƙarfin netwok ba ne, akwai wani ɗan saƙo da ake cewa ACK wanda ke tabbatar wa akwatin cewa an haɗu, in bai iso ba akwatin zai yi ta jira har sakan 32 sai ya ɗauka ba kowa a layin ya ajiye, alhali kuna jin juna rangaɗau. Yawanci aikin SIP ALG ne, wani seti a cikin rauta mai taɓa saƙonnin haɗa kira, wai don ya taimaka aka sa shi amma ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Shiga setin ka kashe shi, ka cire wutar rauta da akwatin ka mayar. In kuwa minti 15 cif ne ko 30, sabunta layin ne ke faɗuwa, wannan sai kamfanin wayar sun duba ta ɓangarensu.

Maman Biyu: Ni dai zancen bidiyon nan kar ya ruɗe ka yallaɓai, shi bidiyo tara abinsa yake yi a gaba, murya kuwa ba ta da ajiya, nan take ake turawa. Kira ɗaya bai kai kilobit 100 a sakan ba amma in wani a gidan na ɗora hotuna sama sai muryar ta fara kakkatsewa kamar ana yanka ta da almakashi. In haka take yi kafin ta mutu ka kunna QoS, wato setin fifiko na cikin rauta, ka ba akwatin fifiko. Sannan in marar igiya ce ka duba batir, tawa haka ta wahalar da ni ashe batirin ne ya kumbura.

Baban Yara: Kai, Mai Gyara Allah ya ƙara basira. Na gwada sau huɗu, sakan 32 daidai, kuma sai in an kira ni ne, in ni na kira ba ta yi. Sai yanzu na tuna sati biyun nan ne na ƙaro sabuwar rauta na jona ta bayan ta kamfani. Na kashe ALG ɗin, yanzu muka yi minti 20 da Hajiya.

Mai Gyara: Madalla. Amma rauta biyu a jere ma kan jawo wannan, in ta dawo ka zare kebul ɗin akwatin ka kai shi jikin ta kamfanin kai tsaye.