Tambaya Kan Tarihin Agogon Patek Philippe

Ɗan Zinder: Assalamu alaikum. Na ga ana kiran Patek Philippe sarkin agoguna, shin yaushe aka kafa kamfanin, kuma waɗanne nau'o'insa ne suka fi shahara?

Malam Mai Gyara: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Antoni Patek, ɗan ƙasar Folan, ya kafa shi a Janeba a 1839, sannan Bafaranshe Adrien Philippe ya shigo a 1845 da fasahar murɗa ɗan maɓallin da ke jikin agogo maimakon amfani da makulli, abin da ya sauƙaƙa wa masu agogon aljihu matuƙa. Iyalan Stern suka saye kamfanin a 1932, shekarar da aka fitar da Calatrava, wanda fuskarsa zagayayya ce, babu tarkacen ado, kuma a ganina har gobe babu kamarsa.

Hajiya Kaduna: Malam, kada a manta da Nautilus na 1976, wanda Gérald Genta ya zana da ƙarfe zalla, yana kwaikwayon tagar jirgin ruwa.

Malam Mai Gyara: Gaskiyarki, Hajiya. Akwai kuma Grandmaster Chime da aka yi gwanjonsa a 2019 kan faran miliyan 31 na Suwizalan.