An sa mani zoben rage ƙiba amma har yau ban gane ƙoshi ba, in je a ƙara matse shi?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda aka yi wa aikin nake nema. Bayan ƙaramar sallah aka sa mani zoben nan na tumbi a Alƙahira, da na dawo aka zuba masa ruwan farko da allura a Abuja, ruwan da ke sa ya matse. Yanzu in na ci tuwon shinkafa 'yan lomomi kaɗan sai in ji abu ya tokare mani ƙahon zuci, shaƙuwa ta taso, wani lokacin sai na tofar da miyau mai yauƙi kafin in samu sa'ida. Amma ba ƙoshi nake ji ba. Kafin la'asar yunwa ta dawo, sai in dama fura, ita kam lafiya lau take wucewa. Sikeli kuma ya tsaya cak. Likitan ya ce in ina jin yunwa in zo a ƙara ruwa. Bikin ƙanwata a Daura saura sati uku. In je kafin biki ko in dakata?

Ummu Sadik: Allah ya ba da lafiya. Ki riƙa jiƙa tsamiya da citta da lemun tsami kina sha kafin karin kumallo.

Hajiyar Layout: Don Allah nawa aka yi maki? Ni dala 3,500 aka ce mani a Masar, har da masauki.

Bebin Kofar Soro: Hajiya wanda ya faɗa maki haka tallar kansa yake. Yayata 6,000 ta biya a Indiya, ban da jirgi, ban da kuɗin mai jinya.

Anti Mai Atamfa: Ƙanwata, kada ki je. Na ce kada ki je. Ni ce nan na riƙa zuwa ana ƙara mani ruwa don ina son in ga sikeli na sauka, shi kuma mai yin allurar bai taɓa tambayata mi nake ci ba, kuɗinsa kawai yake amsa. Sai da ta kai ko shayi da safe ba ya wucewa sai na kurɓa kaɗan kaɗan. Da dare in na kwanta wani ruwa mai tsami ya taso mani har hanci, in farka ina tari kamar zan shiɗe. Maigidana ya ɗauka asma ce. Filo uku nake jerawa ina barci a zaune. Ranar da abin ya ƙwace, tsire yanka ɗaya na ci bayan isha'i, daga nan ko miyau na haɗiye sai ya dawo. Muka zaga asibitoci a garin nan, kowa ya taɓa cikina ya ji ɗan faifan nan da ke ƙarƙashin fata, wanda ta nan ake zuba wa zoben ruwa, sai ya ce bai san yadda ake zuƙe ruwansa ba, kuma ba su da irin allurarsa. Da asuba muka kama hanyar Kano ina riƙe da roba ina tofi. Da aka yi hoto aka ce zoben ya zame daga mazauninsa, tumbin ya kutsa ta sama. Cire shi aka yi. Kuɗin cirewa ya kusa kamo kuɗin sawa, ƙibar kuma ta dawo da gayyarta. Wanda ya kai ni wurin aikin tun daga ranar bai sake ɗaga wayata ba. Na bar shi da Allah.

Ummu Sadik: Innalillahi. Shi ya sa ni na gida na tsaya a kai.

Nas daga Kofar Kaura: Anti sannu, Allah ya sa kaffara ne. Maman Ikram, ki sake karanta abin da kika rubuta. Tokarewa, shaƙuwa, miyau mai yauƙi, ba ko ɗaya da ke cewa zoben ya yi sako-sako. Zoben na silikon ne, a can saman tumbi ake ɗaura shi, sai ya bar ɗan aljihu wanda bai wuce cokalin abinci biyu ba. Kamar mazurari yake: mai ruwa ya zurare, mai kauri ya bi a hankali. Duk lomar da aka tauna da kyau ta matsa ta wuce, jijiyoyin wurin suna kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ci abinci. Don haka ƙoshin mai zobe ba cikar ciki ba ne irin wanda muka saba, wanda sai an sassauta zani. Yunwa ce kawai za ki ji ta ɗauke, abincin ya fita ranki, ki yi awa uku zuwa huɗu ba ki neme shi ba. In kika jira sai kin ji nauyi a ƙirji, kin riga kin wuce wurin tsayawa. Ke kuma tuwon bai samu wucewa da daɗi ba, sai kika koma fura, ga sukari ga nono, ta zurare ba ta bar maki ƙoshi ba. In aka ƙara matsewa a haka, furar ce za ta ƙaru. Ki faɗa wa likitanki maganar tofar da miyau tiryan-tiryan, kada ki ce masa yunwa kawai.

Bebin Kofar Soro: Sista ke an taɓa yi maki aikin ne? Don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nas daga Kofar Kaura: Ba a yi mani ba. Ke ma ai yayarki aka yi wa.

Ɗan Daura: To ni an yi mani, shekaru ke nan, kuma yana jikina har gobe. Maganar Sista gaskiya ce. Maman Ikram, abin da ya fisshe ni shi ne na bar cin abinci a kwano ɗaya da yara, don hannu yana bin saurin hannu. A ɗan farantin kofin shayi ake zuba mani, da ƙaramin cokali. Lomata ba ta wuce kan babban yatsa, in tauna har ta zama kamar kunu, in ajiye cokalin, sai na ji ta sauka sannan in ɗauki wata. Minti 20 zuwa 30 na tashi, ko da saura. Da nama ko kifi ko ƙwai nake farawa, tuwo a ƙarshe. Ruwa kuma sai bayan rabin awa da gama ci. Ni alamata hanci ne, da na ji ya fara yoyo na san an zo iyaka. Wani atishawa yake, wani gyatsa. Burodi mai laushi, kilishi, balangun da ya kwana, waina mai ɗumi in aka yi mata babbar loma, duk sai a hankali. Dambun nama da alala da miyar kuka mai kifi ba su taɓa ba ni matsala ba. Da safe zoben ya fi matsewa, kada ki gwada shi da abu mai tauri.

Bebin Kofar Soro: Malam a biki wa zai zauna yana ajiye cokali minti 30, kafin ka ɗago an kwashe kular 😂

Ɗan Daura: Ai mu Daurawa mun ji daɗi, yayar amarya ba ta ci. Hajiya ki turo mani rabonki na kaji, ina nan kusa da Kusugu.

Hajiyar Layout: To shi ƙarin ruwan nawa ne? An ce mani naira 40,000.

Anti Mai Atamfa: Ina! 120,000 nake biya duk zuwa, ban da mota.

Maman Ikram: Ni 70,000 aka amsa, amma ba a yi mani da hoto ba. Sista, yanzu in na je sai a rage ke nan ko a bar shi yadda yake?

Nas daga Kofar Kaura: Wannan sai wanda ya duba ki. Abin da zan ce, ko mi za a yi kada ya zama ana gobe tafiya, a bar maki kwanakin da za ki koma kan abinci mai ruwa ki ga yadda jiki ya amsa. In kuma kika ga ko ruwa ba ya zama, ko tarin dare irin na Anti, ba jira. Hajiyar Layout, tunda ke ba a yi maki ba tukuna, ki sani zoben nan tun 2001 Amurka ta amince da shi, ya yi tashe sosai, amma yanzu likitoci da yawa sun fi karkata ga aikin da ake yanke wani sashe na tumbin, saboda zobe yana son bibiya har abada kuma ana yawan komawa a cire. Kafin ki biya ko sisi ki fara sanin wa zai riƙa duba ki a nan kusa.

Ummu Sadik: Yanke tumbi kuma? Allah ya kiyashe mu.

Uwar Biyu: Ni duk ba wannan ke ci mani rai ba. Maman Ikram ki shirya wa bakin mutane a bikin nan. Ranar suna a gidan surukaina na ci 'yar shinkafa na tsame hannu, uwar mijina ta ce a gaban baƙi wai na raina girkin gidanta. Gwaggonsa ta jawo ni gefe tana tambaya ko ɗan nata ba ya ba ni abinci ne, don ta ga na zube. Da ina da ƙiba su ne masu cewa in rage, yanzu na rage an ce ciwo nake ɓoyewa.

Bebin Kofar Soro: Yayata cewa aka yi kishiya ce ta yi mata asiri. Har rubutu aka aiko mata cikin galan.

Uwar Biyu: Ni kuwa da na gaji na faɗa masu aiki aka yi mani, sai maganar ta koma nawa ɗansu ya kashe, alhali filin gadona na kan hanyar Jibiya na sayar. Har yau ƙanwarsa ba ta amsa sallamata da daɗi.