Ta yaya zan riƙe gabar masoya biyu har ƙarshen labari?

Ummu_Garwa: Assalamu alaikum marubuta. Ina rubuta labarin soyayya mai raha, babi 30, zan riƙa sakinsa a WhatsApp. Ɗalibai biyu ne a jami'ar Ngaundare da ke Kamaru, ba sa ga-maciji da juna, daga baya so ya shiga. Tun babi na 6 sun shirya, labarin ya yi lami. Me zan yi gabar ta ɗore ba tare da ta koma ƙiyayya ba?

Alƙalamin_Dang: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sun shirya da wuri ne don ba su da abin takara. Harara da baƙar magana ba za su ɗauki babi 30 ba. Ki ajiye musu abu guda wanda mutum ɗaya kaɗai zai samu: zama na ɗaya a aji, a shekara ta uku ta lisans, wato digirin farko. Ya fi kujerar delege, wato wakilin aji, domin zaɓenta tun farkon shekara ake gamawa.

Sai ki bar kalandar makaranta ta ja labarin. Ana ba da maki bisa 20, a yawancin sassa gwajin CC, wato gwajin da ake yi a cikin zango, kashi 30 ne, babbar jarrabawa kashi 70, wanda ya gaza 10 sai ratrapaj, wato ya sake zana jarrabawar. Babi 1 zuwa 8 su kai ki CC na farko: an liƙa sakamako a allo, shi 14.5, ita 14, ga ƙawaye na leƙe. Rabin makin nan ya fi tazarar maki biyar ciwo. Daga babi na 9 malami ya haɗa su rukunin ekspoze ɗaya, wato aikin da za su gabatar tare a gaban aji, makinsu ɗaya, duk wanda ya yi wa ɗan'uwansa zagon ƙasa kansa ya yi wa. Wajen babi na 20 makinsa na wani darasi ya ɓace daga allo, ita ce za ta taya shi rubuta takardar ƙorafi, alhali ta san idan makin ya dawo zai wuce ta. Mai karatu ya gane ke nan tun kafin su furta. Furucin ya jira babi na 26.

Hajja_Marwa: Ƙanwata, kada ki kwaso tsarin Najeriya na digirin shekara huɗu, a nan lisans shekara uku ne. Jami'ar tana Dang, kusan kilomita 15 daga gari a hanyar Garwa, ɗalibai da yawa a ɗakunan haya na mini-site suke, kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. In yarinyar 'yar Garwa ce, faɗi abin da ya kai ta Ngaundare, tunda Garwa ta samu tata jami'ar a 2022. Sanyin safiyar Adamawa, yankin da Ngaundare take, kuma raha ce kyauta: ta saba da zafin Garwa da ke bakin Binuwai, ga ta a amfi, wato babban ɗakin lacca, tana rawar ɗari, rigar sanyin da ta rage kuwa ta abokin gabarta ce.

Harshe ma makami ne. Faɗansu a aji da Faransanci, ciniki da Fulatanci, ranar da ya fara yi mata Hausa a tausashe an san an sauka daga dokin naƙi. Faransancin dai jimla ɗaya a fage ta isa.

Baban_Iman: Na yarda da tsarin Malam, amma babi 26 ba ɗan ɗanɗano, 'yan guruf za su watse. Duk bayan babi uku a ba su wani abu ƙarami: ya ajiye mata wuri a amfi ya ce kuskure ne, ta gyara masa rubutu da jan biro ta ƙi sa suna. Su riƙa cin nasara bi da bi. Mari, zagin iyaye da tozarci a bainar jama'a kada su shigo, bayansu ba mai yarda da auren. Kuma kada ta faɗi jarrabawa da gangan don ya ji daɗi, mata masu karatu ba za su yafe miki ba.